Gilashin da Zai Jawo Mini Fuskarta

Sati uku ke nan da wani abokin sana'ata ya shigo shagona a Birnin Konni, ya warware wani dogon gilashin kyamara daga cikin tsumma, ya ce in ɗaura in gani. Na cire nawa na kullum, na ɗaura nasa, na tsaya bakin ƙofa na saita shi can tsallaken titi. Akwai wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a wurin, wadda da idona ba na ganin komai nata sai launin zanenta. Sai ga ta har gaban hancina. Na ga tsagar kumatunta, na ga gumin da ya taru a saman leɓenta, na ga tana motsa baki ita kaɗai, ba ta san ana kallonta ba. Na shagala da kallo, har mai gilashin ya ce in yi hankali kar in kayar masa da kaya.

Musanya yake so. In ba shi nawa, gajere, wanda ke kwashe taron biki gaba ɗaya ko a ƙuntataccen ɗaki, shi kuma ya bar mini nasa da ba ya da amfani sai ga abin da ke nesa. Aro ba ya bayarwa, kuma ban ga laifinsa ba, gilashi ba fartanya ba ne. Ni kuma ba ni da halin riƙe biyu. Duk mai hankali zai ce in ƙi, domin da gajeren nake ciyar da gidana. Amma na ce ya ba ni lokaci in yi tunani, kuma bari in gaya maka dalili.

Ni ɗan fari ne. A wani ƙauye cikin ƙasar Dogarawa aka haife ni, kuma ranar da aka yaye ni aka ɗauke ni aka kai ɗakin kakata, mahaifiyar babana. Gida ɗaya ne, danga kawai ke tsakanin sashenta da na mahaifiyata. In ka tashi a irin garuruwanmu ka san sauran. Mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta haɗa ido da shi. Mahaifiyata kuwa ta riƙe wannan abu da hannu biyu, har mata na ba da misali da ita. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In dole ta kama sai ta ce “na tsohuwa”. In na shiga sashenta, nan take za ta sami abin dubawa, ko tukunya, ko gindin bango, ko ƙasan turmi. In abinci za ta ba ni, sai ta ajiye ƙwarya a ƙasa, ta juya, ta yi wa iska magana: “A ɗauke wagga ƙwarya tun kaji ba su ci ba.”

Don haka da bayanta na san ta. Na san ƙeyarta, na san yadda take ɗaurin kallabi ya zarce kunnen hagu, na san fason duga-duganta. Ko yau ka jera mini matan garinmu duka su juya baya, ba zan yi kuskure ba. Amma da a lokacin ka ce in faɗi yadda idonta yake, da sai in yi shiru.

Kar ka ce ƙiyayya ce, ba na son jin haka daga bakin kowa. Tsokar da ta fi kowace girma a ƙwaryata nake samun ta. Wata bazara da ƙyanda ta kwantar da ni, an ce ta yini tsaye bayan dangar nan cikin rana, tana jin numfashina, ba ta shigo ba kuma ba ta tafi ba. Kakata ce ta ba ni labari bayan na girma. Ita dai kakata ba ta taɓa ɗaukar damuwata da muhimmanci ba. In ta gan ni na laɓe ina leƙen sashen can, inda autanmu ke kwance a cinyar mahaifiyata ana yi masa waƙa, sai ta jefe ni da ɓawon gyaɗa.

“Maigida, mi kaka biɗa wurin matar mutane? Ga ni nan, taka, ba ka dube ni ba.”

Sai in yi dariya don dole, in koma in zauna kusa da ita.

Shekarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko, ƙarshen damina, gero ya nuna har gari ya cika da ƙamshin tumun da yara ke gasawa, sai jan-baki suka sauka. Tsuntsayen nan in sun taso kamar hayaƙi suke, gona guda ba ta yi musu yini. Aka turo wani ma'aikacin noma ya gano inda suke kwana. Bazabarme ne, dogo, Hausarsa a karkace, ya sauka a zaurenmu kwana biyu. Yana da madubin hangen nesa rataye a wuya. Da yamma ya miƙa wa kakata ta gwada, ta kama shi ta baibai, ta kara a ido, sai ta zabura.

“La ilaha! Wanga abu ya kore muna gari! Karɓi abinka, ɗan nema.”

Muka yi ta dariya. Da ya ba ni, na hau tsanin da ke jingine da rumbunmu, wai zan duba masa tsuntsaye. Na bi kan gonaki, na bi itatuwan gawo, sai madubin ya faɗa kan rijiyar bakin gari, inda mata ke jan ruwa. Ga mahaifiyata. Fuskarta tana fuskantata sosai, ta saki igiyar guga, ta dafa kafaɗar wata maƙwabciyarmu, tana dariya har da jefa kai baya. Ashe wushirya gare ta. Shekara tara ina gida ɗaya da matar nan ban san tana da wushirya ba. Ashe in ta yi dariya idonta na dama ya fi rufewa. Na riƙe numfashi don kar hoton ya girgiza, na kalle ta har hannayena suka gaji, kuma ba ta juya ba, domin ba ta san ina nan ba.

“Yaro, kin ga tsuntsu?” in ji baƙon daga ƙasa.

Na ce na gani.

Da na sauko, na ruga hanyar rijiya, a wautata ina zaton in na yi sauri zan tarar da sauran dariyar. Ta hango ni tun daga nesa, tulu a kanta. Bakin ya rufe, fuskar ta koma gefen gona, ta wuce ni kamar ta wuce kututture. Washegari baƙon ya tafi da madubinsa.

Ba zan ce wannan ne ya sa na zama mai hoto ba, mutum ba ya sanin abin da ya tura shi. Na dai bar lakwal, na zo Konni, na koyi sana'a a hannun wani dattijo, na buɗe nawa shagon. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki. Na ɗauki amare, na ɗauki jandarmomi da sabon kakinsu, na ɗauki 'yan makaranta masu neman hoton jarrabawa, na ɗauki tsofaffi masu shirin Makka. Kalma ɗaya nake faɗa tun safe har yamma: “Dubo nan.” Kowa kuwa sai ya dubo, har manyan da ba a ɗaga musu murya. Mutum ɗaya ce a duniya ba zan iya gaya wa haka ba.

Na gwada, ba ban gwada ba. Ranar auren ƙanwata, ranar sunan ɗan da aka haifa wa autanmu, da Sallah. Amma gilashina in kana son fuska sai ka matso taku huɗu ko biyar, ita kuwa tun ina taku goma take jin jikina, ta ja mayafi. Ina da hoton bayanta, ina da na kunnenta, ina da na hannunta a kan muciya. Ƙannena suna turo mini nata ta waya, tana kallonsu kai tsaye, wani lokacin har da murmushi. In buɗe in duba, in rufe. Da furfura a gemuna nake kishin ƙannena, kuma na san abin kunya ne.

Shi ya sa dogon gilashin nan ya hana ni sukuni. Na riga na tsara komai a raina: in tsaya can bayan rumbu, ko ta kan katangar gidan kawuna, in jira, ko kwana nawa ne, har wata ta ba ta dariya. Na kuma san abin da zan rasa. Ɗakunan bikin Konni ba su da wurin ja da baya, da dogon gilashi hancin amarya kawai zan riƙa ɗauka, masu kirana su koma wa wani. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Matar nan ta yi sama da shekara arba'in tana tsare fuskarta daga gare ni, don a ganinta mutuncinta ke nan, ni kuma zan laɓe in sace. Kullum in kwanta da shawara ɗaya, in tashi da wata.

Ranar Juma'ar da ta wuce na ce bari in je in auna wurin da idona, in ga ko akwai ma inda mutum zai laɓe. Autanmu ya taɓa ce mini idonta ya yi rauni, na ɗauka irin na tsufa ne. Na isa da hantsi, kyamarata a wuya da gajeren gilashina. Gidan shiru, duk an tafi fadama ciran albasa, warinta har cikin gari. A karon farko a rayuwata na shiga gidanmu ban yi sallama ba.

Tana zaune ƙarƙashin rumfa, faifai a cinya, tana tsintar wake da yatsu. Na tsaya bayan rumbu na kalle ta daga nan. Sai na ƙara taku. Na kai goma, ba ta motsa ba. Na kai biyar. Takalmina ya taka kara, sai ta ɗago fuska, ta juyo da ita gare ni sosai, idanu a buɗe. Ba su sauka a kaina ba, sun tsaya wani wuri kusa da kafaɗata. Ta yi murmushi.

“Auta, kai na? Yau ka dawo da wuri.”

Na durƙusa a gabanta, ban ce uffan ba, don na san da na yi magana shi ke nan. Ta laluba ta kama wuyan hannuna. Ban san tafin hannunta yana da taushi haka ba.

“Rana ta gasa ka. Kullum ina hwaɗa maka ka sa malfa, ba ka ji. Ka sha hura?”

Fuskarta ba ta fi kamu ɗaya daga tawa ba. Na kalli goshinta, na kalli girarta da ta yi fari, na kalli wani ɗan tabo a haɓarta da ban san tarihinsa ba. Kyamara na kan ƙirjina, dannawa kawai ta rage, kuma ba gilashin da zai fi nawa dacewa da wannan kusanci. Ban iya ɗaga hannu ba. Hannunta ya bi damtsena yana shafawa, ya hau kafaɗa, ya ci karo da igiyar kyamara. Ya tsaya. Ya bi igiyar a hankali har ya taɓa ƙarfen. Sai ta janye hannun kamar ta taɓa garwashi, ta ja mayafi, ta juya ga bango. Babu kowa a gidan sai ni da ita, amma ta ɗaga murya kaɗan:

“A ce ma na tsohuwa akwai hura cikin ɗaki.”

Na shiga na sha furar, don ba ta da laifi.

Da yamma autanmu ya gaya mini gaskiya. Sun kai ta asibiti tun watannin baya, likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ta mutu, kuma ba ta dawowa. Ita ce ta hana a gaya mini, wai kar a tayar wa mutumin Konni da hankali yana cikin aikinsa.

Shekaranjiya abokina ya dawo jin amsa, na ce ya riƙe gilashinsa. Ya yaba mini, ya ce na yi tunanin mai iyali. Na bar shi a haka. Dogon gilashi zai jawo mini fuska, ban musa ba, amma sai yanzu na yarda cewa ba fuskar nake nema ba tun farko. So nake ta dube ni, sau ɗaya, tana sane da cewa ni ne. Da tana gani kunya ta hana ta, yanzu ko kunyar ta sake ta babu abin da za ta dube ni da shi. Ban san wanda zan ji wa haushi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Yanzu kunyar ɗan farin nan tana ta gushewa, a birni dai ta kusa zama labari. Matata 'yar ma'aikaci ce, da sunanta take kiran 'yarmu ta fari, ko a gaban surukai, kuma ban taɓa hana ta ba. Jiya da la'asar na dawo daga shago na tarar tana yi mata kitso a tsakar gida. Da ta gama, ta kama haɓar yarinyar ta juyo da ita, ta tsura mata ido tana murmushi, ta daɗe a haka. Yarinyar ta ture hannunta, ta ɓata fuska.

“Haba Mama, ki daina kallona haka mana.”

Na buɗe baki zan yi wa yarinyar faɗa, sai na rasa abin da zan ce ta yi.