Ranar da na kai akwatina asibiti a Ingila

Shekarun baya kaɗan na samu aikin kula da tsofaffi a Ingila. Jama'a, ranar da biza ta fito, daga kasuwar Kafanchan har gida ban san na taka ƙasa ba. Mahaifiyata ta kwaso matan zumunta, aka yi godiya a coci, aka yi rawa har ɗankwali na faɗuwa. Dangi daga Fadan Kagoma suka zo da busasshiyar citta da acca, kamar can yunwa ake yi.

Amma akwai abin da ni da Mama kaɗai muka sani. Ina da ciwon hanta, irin wanda ake zama da shi, an gano lokacin da na je ba da jini. Wata ƙawata da na yi wa raɗa daga baya ta ce in kuskura in faɗa, a ranar za su sa ni a jirgi.

Da na isa, komai burge ni yake yi, har bas da ke zuwa kan lokaci. Sai aka ce sababbin ma'aikata su je ganin nas don gwajin lafiya. Na yi azumi, na sha ruwan citta har harshena ya mutu, wai ko jinin zai wanke. Da na ga shirme nake yi, na ce gara in faɗa da bakina. Na haɗa kayana kaf, na ja akwati har asibitin, don kada a kore ni in bar accata.

Nas ɗin ba ta gama gaisuwa ba na zazzage mata komai, ina kuka. Ta saurara, sannan ta tambaye ni akwatin fa na mene ne. Da na gaya mata, sai da ta toshe baki don dariya. Ta ce ciwon ba ya hana aikina, ba a ɗaukarsa ta abinci ko riƙe hannu, in dai riƙa rufe rauni da sa safar hannu, kuma za ta haɗa ni da likitan hanta. Litinin in fara aiki.

A bakin titi na tiƙi rawa da akwati, Turawa na kauce mini. Na kira Mama ina ihu. Ta rangaɗa guɗa.

"Tun ranar da kika tafi nake share ɗakinki," in ji ta. "Na ce ko sun koro ki, 'yata ce ta dawo."

Har yau ina wannan aikin, ina ganin likitana, lafiyata ƙalau. Amma duk tsoron da na sha na kunyar komawa gida ne, ashe a gidan ba wanda ya sa mini sharaɗi. In na tuna, dariya nake fara yi, sai kuma hawaye.