Ranar da Hancin Baba Ya Toshe

Shekara talatin Baba Mai-Hanci yana cin abinci a kasuwar katako, bai taɓa riƙe zarto ba. Kafinta zai kai shi gaban kaya, ya kankare gefen katako da wuƙa, ya shinshina, wani lokaci har ya lasa, sai ya yanke hukunci. Maɗacin tudu nauyi gare shi, ƙafar gado ake yi da shi. Na kurmi ya fi daɗin sassaƙa, sai ƙofa da kwalekwale. Akwai kuma ɗan uwansu mai zane-zane da ƙamshi, wanda masu teburin ofis ke rububinsa. Baba kan yi wannan bayani yana shafa hancin nan, wanda gaskiya Allah bai yi masa rowarsa ba.

Ran nan mura ta toshe shi sarai. A ranar kuma wata 'yar kwangila ta zo da Baba gaban mota cike da jan katako, wanda mai motar ya ce maɗaci ne, ƙofa arba'in za ta yi wa wani otal. 'Yan kasuwa suka taru. Baba ya shinshina, bai ji komai ba. Ya lasa, kamar ya lashi takarda. In ya yi kuskure a gaban jama'ar nan sunansa ya gama yawo, girman kai kuma ya hana shi cewa ba ya jin wari.

Ana cikin haka matarsa ta iso da kwanon abincinsa. Ta dube shi, ta dubi katakon. Ta karɓi wuƙar ta kankari gari, ta zuba a murfin kwano, ta tsiyaya ruwa. Nan take ruwan ya yi jawur.

"Malam, wannan rini ne," ta ce. "Tun da na zo gidanka nake wanke rigunanka. Ƙurar maɗaci sai ta jiƙu take ba da kala, kamar shayi marar ƙarfi."

Aka zurfafa yanka, sai ga farin katako a ciki. Mai motar ya fara kame-kame, kasuwa ta ɗauki ihu.

"Kai, Baba!" in ji 'yar kwangilar. "Ashe tuni ka gane, gwada mu kake yi?"

Da a ce ya gyaɗa kai kawai, da magana ta wuce. Ya kalli matarsa tana goge murfin kwano da bakin mayafi, kunya da daɗi suka kama shi lokaci guda. Ya fyace hanci da ƙarfi.

"Ranki ya daɗe, ko tafarnuwa aka sa mini yau ba zan ji ba. Saura kaɗan in ce ki saya. Maman yara, aje kwanon nan, zo mu je ki duba mata na rumfar gaba."