Abin Wuyan Da Na Saƙa Wa Kyanwar Surukata

A shekarun nan na saba'in, lokacin da garinmu Suleja ake kiransa Abuja, ni amarya ce mai rawar kai da son a yaba mini. Ko tuwo na tuƙa, idan ba a ce ya yi daɗi ba sai in wuni ina kumbure-kumbure. Mijina direban babbar mota ne, yakan yi kwana huɗu ko biyar a hanyar Kaduna, saboda haka yawancin zamana da mahaifiyarsa nake yi, wadda muke kira Iya. A ɗakuna biyu na bakin ƙofa kuma akwai 'yan haya, wani malamin firamare da matarsa da 'ya'yansu biyu, Kiristoci ne daga wajen Filato. Duk unguwa Matar Ticha ake ce mata. Yau na tsufa, ina da jikoki, amma abin da na yi wa matar nan bai bar ni na huta ba, shi ya sa na rubuto muku.

Iya ba ta da yawan magana, kuma ba ta da sauƙi idan ta hau. Abu biyu ne kawai na ga suna sa ta sakin fuska. Na farko wata kyanwa ce fara mai baƙin kunne, wadda autarta ta bari. Autar ta rasu wurin haihuwa shekara guda kafin a kawo ni gidan, abin da ta haifa ma bai zo da rai ba. Kyanwar nan a gefen tabarmar Iya take kwanciya, kuma Iya ba ta kai loma bakinta sai ta gutsura mata. Na biyu Matar Ticha. Iya da kanta take ce mata 'yata, ita kuma tana ce mata Mama. Ita ce ta riƙe Iya a kwanakin makoki, tana dama mata kunu tana lallashinta ta sha. Da Sallah kwanonmu ya tafi ɗakinsu, da Kirsimeti nasu ya zo namu, ba wanda ya taɓa tambayar wani abin da ke ciki.

A wurin Matar Ticha na koyi saƙar kwarashi. Da la'asar takan zauna a bakin ƙofarta da ƙullin ulu a cinya, hannunta na tafiya kamar ba nata ba, tana saƙa hular jarirai da safa da ɗan mayafin da ake rufa wa rediyo. Na tsaya kallo sau biyu, a na uku ta miƙo mini kwarashi ta ce in zauna, kallo ba ya koya wa mutum komai. Hausarta da ɗan karkata, takan mayar da mace namiji, ni kuwa in yi ta tsokanarta tana dariya. Cikin wata uku na iya fitar da fure mai ganye biyar, na iya tuntu, na iya gefen marfin kwano. Matan unguwa suka fara shigowa ganin aikina, kaina ya ƙara girma.

Wata rana ulu ya yi mini saura, ja da ruwan ɗorawa, sai na ce bari in saƙa wa kyanwar Iya abin wuya da ɗan fure a gaba. Matar Ticha ta ce to, amma aikin wuyan dabba yana da doka biyu. A bar sarari yadda yatsu biyu za su shiga, sannan ba a ƙulle bakinsa da ƙarfi, da silin zare ɗaya mara ƙwari ake haɗa shi, don in ya maƙale a wani abu ya tsinke dabbar ta wuce. Ta ce gara a rasa abin wuya goma. Iya da ta gani ta taɓe baki, ta ce ita dabba ba ta san ado ba, Allah ya riga ya yi mata rigarta. Amma da kyanwar ta gifta da jan furen a wuya, na ga Iya ta juya kai tana murmushi, ta ce da mai ita tana raye da ta yi dariya har ta faɗi. Wannan maganar ta yi mini daɗi fiye da duk wani yabo da na taɓa samu a gidan.

Matsalar ita ce abin ba ya kwana uku. Kyanwa ta fita ta haye katanga, ta dawo wuya wayam. Na saƙa na biyu ya ɓata, na uku ma haka. A na huɗu na ɓata kwana biyu ina jera ƙananan furanni kewaye da shi, da na gama sai na ce wallahi wannan ba zai bi sauran ba. Da ma akwai ragowar zaren nailan irin na masu ɗinkin takalmi a cikin tarkacen mijina. Na haɗa shi da ulun na saƙa bakin, na ƙulle har sau uku. Washegari kyanwar ta je ɗakin Matar Ticha, don ta saba tana ba ta kan kifi. Matar ta shafa wuyanta, ta ji ƙullin, ta kira ni gefe ta ce in cire wannan abu yau ɗin nan, ba haka ta koya mini ba. Na ce mata gobe zan gyara. A raina kuwa cewa na yi ai na fi ta sanin hannuna yanzu, ƙyashi ne kawai don nawa furen ya fi nata fita.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, Iya ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta, Matar Ticha ta tafi kasuwa. Na zaga bayan gida shanya, inda muke da ɗan lambun kuɓewa da itacen gwaiba. A nan na gan ta, a rataye jikin wani guntun reshe da aka sare. Da alama tsalle ta yi daga sama reshen ya shiga ƙarƙashin abin wuyan, ta yi ta juyi yana ƙara murɗewa. Ɓawon itacen duk ya kakkarce da farcenta. Jikinta da sauran ɗumi. Ina tsakar gida ina wanki ina waƙa lokacin da take wannan fama, ban ji komai ba. Na ja abin da hannu ya ƙi, sai da na ɗauko wuƙa, ita ma sai da na yi ta gurzawa kafin zaren ya yanke. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na tuna fuskar Iya, na tuna ban shekara a gidan ba, ko ɓatan wata ban yi ba, ga shi na kashe abu ɗaya da ya rage mata na 'yarta. Na ɗauki fartanya na haƙa rami tsakanin kunyoyin kuɓewa na binne ta, abin wuyan kuma na jefa a murhu. Da azahar aka yi ruwa mai ƙarfi, ya shafe duk wata alama.

Iya ta fara cigiya tun yammacin ranar. Ta ajiye mata abinci a inda ta saba, kaji suka cinye. Kwana bakwai tsohuwar nan tana bin lungu-lungu da sandarta tana kiran mus, mus, tana leƙa rijiyoyin mutane da rumbuna. Ni ma na bi ta muna nema, Allah ya yafe mini, har ina ɗaga murya fiye da tata. Kowace safiya nakan ce yau zan faɗa, in na ga idanunta sai bakina ya mutu.

Ana cikin haka wata mai kitso da ke shigowa gidanmu, irin matan nan da ba sa ganin wuta su wuce ba su ƙara mata kara ba, ta ce wa Iya ai ta daina wahalar da ƙafarta. Ta ce mutanen da ta ajiye a bakin ƙofa ba abin da ba sa ci, kuma ita da hancinta ta ji ƙamshin farfesu daga ɗakinsu a makon nan da suka yi baƙi daga gida. Baƙin gaskiya ne, farfesun ma gaskiya ne, na kan akuya ne, don ni ma an zubo mini na sha. Iya ta kore ta da faɗa. Amma bayan ta fita sai ta kira ni, ta ce in ji tsoron Allah in gaya mata inda na yi wa kyanwar ganin ƙarshe. Na sunkuyar da kai na ce a ƙofar ɗakin Matar Ticha, tana ba ta kifi. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Iya ta ce in tashi in tafi.

Daga ranar Iya ta daina amsa gaisuwarta. Matar ta durƙusa ta ce Mama ina kwana, Iya ta kau da kai. Ta aiko da kunun gyaɗa, aka mayar mata da shi ko buɗewa ba a yi ba. Maganar ta fita unguwa, yara suka riƙa yi wa 'ya'yanta kukan kyanwa a hanyar makaranta, matan da suke kawo mata saƙar hula suka janye. Da ta gane abin da ake zarginta da shi, ta zo tsakar gida tana kuka tana rantsuwa da Allahn da ya halicce mu duka, ta ce yaya za a yi ta ci abin da take ciyarwa da hannunta. Mijinta ya zo da kansa ya ba da haƙuri a kan laifin da ba su yi ba. Iya ta ce ita ba ta ce kowa ya yi komai ba, ɗakunanta kawai take so. Mijina da ya dawo ya yi ta roƙonta, ta ce ya zaɓa, ko su ko ita. A lokacin an fara maganar sabon babban birni, baƙi sun cika gari, ɗaki ya yi wuya. Da ƙyar suka sami wani ɗan ɗaki a Maje, malamin ya riƙa takowa makaranta a ƙafa.

Ranar da za su tashi ina ɗaka na ƙi fitowa. Ita ta shigo ta same ni. Ta zauna a bakin gadona, ta tambaye ni a hankali ko na gyara abin wuyan nan da ta ce in gyara. Na kasa ɗaga kai. Sai ta ce ta sani tun ranar da aka fara nema. Ta ce sau da yawa maganar takan zo mata har baki, amma in ta faɗa aurena ne zai mutu, ita kuwa mijinta ya yarda da ita, ko'ina suka je za su zauna. Abu ɗaya ta roƙe ni, in na haihu na sami gindin zama a gidan, in gaya wa Mama gaskiya, don ba ta so tsohuwar ta mutu tana ganinta a haka. Na yi mata alkawari ina kuka. Ta je ta durƙusa a ƙofar Iya ta yi sallama, ba a amsa ba, ta tashi ta bi kayansu.

Na haihu, na sake haihuwa, na sami gindin zaman har na fi ƙarfin a kore ni. Ban faɗa ba. Da farko tsoro ne, daga baya kunya ta karɓa, don a lokacin ba kyanwa kaɗai zan amsa ba, har da mutum huɗu da aka kora saboda ni. Muka ji an yi wa malamin canjin wurin aiki, ba wanda ya san inda suka nufa. Iya ta kwanta ciwon ajali wajen shekara shida bayan haka, ni nake jinyarta, ni nake juya ta. Wata rana da safe ina ba ta koko, ta riƙe hannuna ta ce ta yafe wa kowa a duniya, amma matar nan da ta ɗauka 'ya ta ci amanarta, ita kam sai sun tsaya gaban Allah. Ta ce ni ce Allah ya musanya mata da ita, ta sa mini albarka. Cokali yana hannuna, ba kowa a ɗakin sai mu biyu, na buɗe baki na ce amin. Bayan kwana uku ta cika.

Na yi istigfari, na yi sadaka, na ciyar da kyanwoyin unguwa ba adadi, amma malamai sun gaya mini abin da na riga na sani, hakkin mutum sai shi ya yafe. Ga masu saƙa wa dabba ado, ku ji maganar waɗanda suka riga ku iyawa, kada ƙyashin aikin hannunku ya fi muku ran da za ku ɗaura wa shi. Ga kowa kuma, in ka yi ɓarna ka faɗa a ranar, don a ranar ne take da sauƙin faɗa. Da na yi magana da hantsin nan, iyakarta a zage ni, ko a kai ni gidanmu in yi wata guda a dawo da ni. Kuma duk wanda aka ce maka irin su ba abin da ba sa yi, ka tambayi kanka wa ke amfana da ka yarda.

Ban sani ba ko matar nan tana raye. In tana raye, ko kuwa ɗaya daga cikin 'ya'yanta biyu da aka yi wa kukan kyanwa a hanyar makaranta ya ci karo da wannan rubutu, ina so ku sani mahaifiyarku ba ta taɓa kyanwar nan da mugun nufi ba. Ni na kashe ta, ni na binne ta, ni na nuna ƙofarku. Alkawarin da na yi mata ban cika ba, wadda ya kamata ta ji kuma ƙasa ta rufe ta. Don Allah ku yafe mini.