Evaristo Maita, Mutumin da Ya Shekara Talatin Yana Cewa a Rage Wuta

Haihuwarsa

An haifi Evaristo Maita Level ranar 9 ga Maris, 1941, a garin Upata na jihar Bolívar. Mahaifinsa Crisanto maƙeri ne, mahaifiyarsa Dominga kuwa cuku take yi tana kaiwa kasuwa. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ya ƙi gadon ƙira, domin duk lokacin da ya tambayi ubansa adadin zafin wuta, amsar ɗaya ce: ido ne ke sani.

Karatunsa

Bayan firamare a Upata da sakandare a Ciudad Bolívar, a shekarar 1961 ya samu tallafin karatu zuwa Trondheim ta ƙasar Norway, inda ya shafe shekara takwas yana nazarin ilimin ƙarafa. A can ya duƙufa kan haɗin da masana ke kira alminiyom daiborayid, wato ƙwayar sanholo ɗaya da ta sinadarin boron biyu, wanda ke fitowa siraran ɓawo masu kusurwa shida, launin tagulla. Fa'idarsa ita ce idan aka jefa shi cikin narkakken sanholo yakan narke da sauri, ya kwashe dattin ƙarafan da ke rage wa waya ƙarfin ɗaukar lantarki. Aibinsa ɗaya ne. Idan zafi ya haura kimanin digiri 980 wajen haɗa shi, sai ya rikiɗe ya koma mai boron goma sha biyu, baƙar tsakuwa mai tauri wadda ke kwanciya a gindin tukunya kafin ta tsinana wani abu.

Aikinsa

A watan Satumba na 1969 ya dawo gida ya kama aiki a wata masana'antar wayar lantarki a Puerto Ordaz, aka ɗora masa alhakin haɗa wannan sinadari. Masu kula da tanderun duk daga narka baƙin ƙarfe suka fito, inda wuta ke wuce digiri dubu ɗaya da ɗari biyar, saboda haka digiri ɗari tara a wurinsu ruwan kofi ne. Da launin wuta suke auna zafi, ma'aunin kuwa sun mayar da shi maratayin riga. Shugabansu Pantaleón Guaita ne ya tarbe shi a makon farko.

"Injiniya, wannan wutar taka ko wainar arepa ba za ta gasa ba."

"Pantaleón, karanta mini abin da ke jikin ma'aunin nan."

"Rigata ce a jiki."

Wannan muhawara suka yi ta maimaitawa har shekara talatin.

Aure da 'ya'ya

A watan Disamba na 1972 ya auri Zoraida Bellorín, ma'aikaciyar jinya daga San Félix, suka haifi 'ya'ya huɗu. Pantaleón ne ya tsaya uban baftisma ga 'yar autarsu, kuma duk Lahadi tare suke shan romon kifi a bakin kogin Caroní. Wannan zumunci bai rage wa tanderun ko digiri ɗaya ba.

Kora da dawowa

A shekarar 1983 masu saye suka dawo da wayar wata uku cur, saboda ta gaza a gwajin lantarki. Aka kafa kwamiti. Evaristo ya kawo madubin ƙara girma har teburinsu, ya ɗora gutsuren ƙarfe cike da baƙar tsakuwa, ya bayyana cewa wuta ce ta yi yawa. Cikin mutum biyar babu wanda ya sunkuya ya duba. Rahotonsu ya ɗora laifin kan "haɗin Injiniya Maita", kuma a watan Nuwamba aka sallame shi.

Ya koyar a sakandare shekara uku. A 1986, bayan wanda ya gaje shi ya gamu da irin wannan asara, aka kira shi ya dawo ba tare da an janye rahoton ba. Ya sa wa makunnin gas kwaɗo. Kafin shekara ta zagayo ya gano an yanko kwafin makullin har uku. Ya rubuta wasiƙa goma sha ɗaya yana neman a gyara rahoton, aka amsa ɗaya, da cewa an karɓa. Ya ajiye aiki a 1999, sunansa yana nan a takarda a matsayin mai laifi.

Rasuwarsa

Ya rasu ranar 14 ga Yuli, 2011, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara saba'in, aka binne shi washegari a Upata kusa da iyayensa. Domin girmama shi, tsofaffin abokan aikinsa ƙarƙashin Pantaleón suka haɗa sinadarinsa da hannunsu, suka zuba allon sunansa da shi, aka kafa a gindin kabarin.

Ya bar matarsa Zoraida da 'ya'ya huɗu: Crisanto, matuƙin jirgin ruwa a kogin Orinoco, Isabel, malamar makaranta a Maturín, Leonel, makaniki, da 'yar auta Yajaira, wadda ta gaji karatunsa. Ita ce ta kankare gefen allon bayan kwana tara na addu'a, ta sa a madubin mahaifinta, ta ga baƙar tsakuwa. Ta samu Pantaleón a gida.

"Baba, digiri nawa kuka kai?"

"'Yata, jana'iza ba ta jira. Kuma ba ya nan balle ya yi faɗa."

'Yan'uwanta sun nemi a zuba wani allon, Yajaira ta ƙi. Ta sa an goge fuskarsa har tsakuwar ta fito fili a tsakanin haruffan. Allon yana nan a ƙasa, kuma duk mai son karanta sunan Evaristo Maita sai ya sunkuya ya duba.