Allon ranar sakin gonaki

A garinmu, arewa da Gangara, ba a taɓa sa wa sakin gonaki rana ba. Sai damin gero na ƙarshe ya shiga rumbu, maigari ya aika wa ardo, sannan shanu su shigo su ci kara su bar mana taki. Akwai wani dattijon Bafulatani da ke sauka a gonar babana tun kafin a yaye ni. Baffa muke ce masa.

Wata shekara aka yi faɗa tsakanin manoma da makiyaya can wajen Belbeji, har aka rasa rayuka, mutane suka bar gidajensu. Sai ga wata ƙungiyar ƙasashen waje ta zo, wai wanzar da zaman lafiya, da fararen motoci da rakiyar jandarmomi. Sun raba hatsi, wannan kam ba zan ci haƙƙinsu ba, mun ci. Amma da za su tafi sai suka kafa allon ƙarfe a bakin kasuwa ɗauke da ranar sakin gonaki, rana guda ga kowa, aka kuma yi ta shelarta a rediyo. Babana ya ce musu ruwan sama ba ya karatu. Suka yi dariya, suka ce tsoho akwai barkwanci.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya yi jinkiri, sai da muka yi shuka biyu. Ranar allo ta zo gero na tsaye, ko ƙosawa bai gama ba. Baƙin makiyaya daga arewa, waɗanda rediyo kawai suka ji, suka kwararo da garkunansu cikin gonaki. Laifinsu ne? An ce musu rana ta yi. Baffa shi ya tsare nasa shanun a bakin burtali, yana ta ɗaga sanda yana kora na wasu. Samarin garinmu suka fito da gora, ido ya rufe, ba su tambayi kowa ba. Suka karya masa hannun dama.

Kaka biyu Baffa bai sauka gonarmu ba. Babana ya daina cin abincin kirki. Raina ya ɓaci, wallahi har yau in na tuna sai na ji zuciyata na tafasa. Na hau motar kasuwa zuwa Tanut, na nemi biron ƙungiyar, wato ofishinsu. Ƙofa a garƙame. Maigadi ya ce, “Hajiya, ai furojen, wato aikin nasu, ya ƙare.” Na ce, “To hannun mutum fa, shi ma ya ƙare?” Ya ce shi dai gadi aka ba shi. Na je wurin perfe, shugaban gundumarmu, aka ce baƙi ne suka kafa allon, sai su.

Ashe za su dawo. Sabon furoje, sababbin fuskoki, motocin dai su ne. Aka tara mu a inuwa, aka ce manomi da makiyayi su yi musabaha a ɗauki hoto. Na miƙe. Ƙanwar babana tana jan zanena tana cewa, “Ke, zauna, kya ja mana magana!” Na fizge.

Na ce wa shugabarsu, wata mata mai tafinta a gefe, “Ranki ya daɗe, wa ya kafa wancan allon?” Ta ce abokan aikinsu ne na baya, za ta sa maganar a rahoto. Na ce, “Mu in ɗanmu ya yi ɓarna ba ma cewa na bara ne. Ba mai ba da hannu a nan sai kun cire shi, kun kuma je kun dubi mutumin da ya karye.” Maigari ya sunkuyar da kai, bai hana ni ba. Ardo ma ya maida hannunsa cikin riga.

Sun yi ta shawara da Faransanci, mu kuwa muka zauna, ba wanda ya motsa. Kafin la'asar direbansu ya tuge allon. Matar ta bi ni har rugar Baffa, ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ban raina wannan ba, ko da yake ba wanda aka hukunta, a cikinsu ko a cikin samarinmu.

Da aka gama girbi Baffa ya aiko ɗansa da shanun, suka kwana a gonarmu. Babana ya ɗauki damin gero ya tafi rugar da ƙafarsa, ni ina biye, ya roƙe shi ya dawo masaukinsa. Baffa ya karɓi geron da hagu. Ya ce, “Shanu za su zo maka duk shekara, wannan alkawari ne. Amma yaran da suka doke ni, ni na ba su nono suna ƙanana. Ba zan iya barci a garinku ba.”

A hanyar dawowa na ga babana yana share ido da bakin rawaninsa.