Ranar da Mussata Ta Rufe Kantin Magani

Sakaran wannan labari ni ne. Gara in faɗa da bakina tun kafin mai tuwon bakin ƙofarmu ta riga ni, don ita in ta tashi faɗa sai ta ƙara gishiri.

A lokacin ina gadin wani bene a Gurda, nan cikin Sabha ta ƙasar Larabawa, wanda mai shi ya kai hawa na biyu ya tsaya. Aikina in zauna in tsare siminti da rodi kada su yi ƙafa. Sai wata mussa, wadda mutanen Kano ke ce wa mage, ta haihu a bayan buhuna. Motar yashi ta take uwar a bakin ƙofa, 'ya'yan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, saura guda, 'yar toka-toka mai farin wuya, ba ta cika tafin hannuna ba. Ni ba mai son dabba ba ne, kowa shaida ne. Hular sanyina ta gani ta ƙyasa, ni kuwa ban iya rowa ba. Ta koma kwana a ciki, ni ina kwana da sanƙo a waje.

Wata safiya cikin tsakiyar sanyi na fasa gwangwanin kifi, ba ta taso ba. A da kuwa, ƙarar murfin kaɗai ke sa ta hawa ƙafar wandona. Na leƙa hula, na ga idanunta sun manne da kwantsa, hanci ya toshe, da baki take jan numfashi. Na ɗiba mata kifi a yatsa, ta kau da kai. Na jiƙa burodi a shayi, ta kau da kai. Na dama madarar gari, na tsoma bakinta ciki, madarar ta bi gashin haɓarta ta zube. Na yi mata wa'azi, na gaya mata ni da take gani na wuni da dabino da ruwa a hanyar hamada ban ce uffan ba. Ko kunne ba ta kaɗa ba.

Washegari ta daina ko kau da kan. In na ɗaga ta sai wuyan ya langaɓe kamar jiƙaƙƙen tsumma, tafin ƙafarta sanyi ƙalau. Ta buɗe baki za ta yi kuka, murya ba ta fito ba. Na rungumi hular na nufi bakin ƙofa.

Mai tuwon nan 'yar Damagaram ce, tana dafa wa leburori shinkafa da wake a gindin katangarmu, kuma ta taɓa aiki a gidajen Larabawa. Ta ce in tsare mata tukunya ta je kantin magani, tunda ta fi ni jin yarensu. Na ce ɗiyata, na yi allo, na yi lakwal, wato boko, har aji uku kafin malamin ya gaji da ni, wane Larabci za ki nuna mini? Na miƙa mata hular, na ce ta riƙe amana, na kama hanya.

Mai kantin saurayi ne mai tabarau da farar riga. Na yi sallama, na gyara tsayuwa, sai na nemi sunan dabbar da Larabci na rasa. Na laluba ko'ina a kaina, babu. Na ce to ai mussa mussa ce ko a ina. Na harhaɗa abin da nake da shi, na ce mussa ba lafiya, mussa ba ci, mussa ba sha. Larabcina kuwa ba ya bambanta mace da namiji, kowa namiji ne a wurinsa. Shi kuma abin da kunnensa ya ji, sunan annabin nan ne mai sanda, wanda ake raɗa wa yara maza. Ban gane haka ba sai daga baya.

Ya ɗauko kwalbar siro na zazzaɓin yara ya ajiye a gabana, na yi maza na zura a aljihu. Ya tambayi shekarunsa. Na ce wace shekara, wata guda ne da 'yan kwanaki, na gwada masa tsawonta da tafin hannu. Ya cire tabarau. Ya ce ina uwar? Na ce ta mutu, mota ta take ta. 'Yan'uwa fa? Duk sun mutu. Ina yake kwana? A cikin hulata, bayan siminti. Yana kuka? Na ce tun safe murya ta ɗauke.

Ban ankara ba ya zuba kaya a jaka, ya tura ni waje, ya ja ƙofar kanti ya datse, ya buɗe mini mota. Na shiga ina ce wa raina, lalle na zalunci mutanen ƙasar nan da zato, dubi yadda suke jin ƙan dabba. Yana tuƙi yana waya, ina jin yana ambaton asibiti. Takarduna sun daɗe da mutuwa, asibiti kuwa ba a rasa mai tambaya a ƙofarsa. Amma ba wannan ne ya fi cin raina ba. Yadda na bar mussar, haƙarƙari na ɗagawa da ƙyar, shi nake gani a gilashin mota. Kowace kwana muka sha sai in ce yanzu ta cika.

Da muka iso, kafin in sauko ya riga ni shiga. Ya duba ɗakin gadi, ya duba bayan buhuna, ya dawo yana haki yana tambayar ina yaron. Mai tuwo na zaune da hula a cinya. Na karɓa na buɗe masa.

Ya dubi hula, ya dube ni. Ya sake duban hula.

"Gattusa," in ji mai tuwo, a hankali. Sunan da na nema na rasa ke nan.

Ya zauna a kan bulo, ya dafe kai. Na ga dai likita ya gaji, ita kuwa mara lafiya ba ta da lokacin jiran hutunsa. Na juya baya, na fito da siro, na cika cokalin shayi, na matse mata muƙamuƙi da yatsu biyu. Bakin cokali ya taɓa leɓenta ke nan na ji an buge mini hannu. Cokali ya yi sama, siro ya wanke mini riga. Yana tsaye a kaina yana faɗa, jijiyar wuyansa a miƙe. Mai tuwo ta fassara: wannan magani ga yaro waraka ne, ga mussa guba, ɗigo kaɗan ya isa. Ya ƙwace mussar, ya goge leɓen da gefen rigarsa, ya buɗe bakin ya duba har ciki.

Na tsaya da hannuwa a sake.

Ya durƙusa a ƙasa da farar rigarsa. Ya sa aka cika gora da ruwan ɗumi, aka naɗe da tsumma, ya kwantar da ita a jiki, ya ce cikin da ya yi sanyi ba ya karɓar abinci. Ya jiƙa auduga ya yi ta share idon da hancin har ɓawon ya saki. Wai muddin ba ta jin ƙanshi, ko me na kawo mata daidai yake da yashi. Sannan ya zuƙi ruwan sukari a sirinji marar allura, ya ɗiga a gefen bakinta.

Ɗigon ya gangaro ta ɗaya gefen. Ya sake, ya gangaro. Mai tuwo ta bar wake yana kamu, ba wanda ya motsa. Ya shafa maƙogwaron da ɗan yatsa, ya ɗiga wani, muka zuba ido. Can sai wurin ya ɗan motsa, sama da ƙasa. Ya ci gaba a hankali, yana ɗigawa yana jira, wayarsa na ta ruri a aljihu bai ɗauka ba. Da aka jima ya sa aka ɗumama kifin, ya shafa man a yatsata, ya ce in kai hancinta. Ta daɗe tana shinshinawa. Sai na ji ɗan harshen nan mai kaushi a fatata.

Na ga in ban yi magana ba hawaye za su ba ni kunya a gaban yara. Na gyara murya, na ce su lura da kyau, da gangan na shirya komai, don da na faɗi gaskiya tun a kanti, wa zai rufe sana'arsa ya biyo tsoho saboda mussa? Na fara bayanin yadda dabarar ta zo mini. Saurayin ya tambayi mai tuwo me nake cewa. Ba ta fassara ba.

"Baba," ta ce, "ita ta buɗe bakinta ta tsira. Kai rufe naka, ko mu ma mu tsira."