Yaya Mairo da Na'urar Auna Ji

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da muka kai Yaya Mairo makwancinta, a ƙarshen damina, ranar da laka ta hana mota ƙarasawa maƙabarta, sai da muka ɗauke ta a kafaɗa tun daga bakin titi. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne na uku. Mutanen Gadarif da suka san ta Ustaza Maryam suke ce mata, malamar kurame. Ban taɓa yin rubutu a kanta ba. Abin da ya sa na yi bana shi ne yadda garin ya koma. Makarantunmu sun cika da iyalan da yaƙi ya koro, kuma a cikinsu akwai yaran da za ka kira daga baya ba su waiwayo ba. Duk lokacin da na ga ɗaya sai in tambayi kaina me Yaya za ta ce, kuma ba na jin daɗin amsar da nake samu.

Ajinta ɗaki ɗaya ne a bayan wata firamare, kusa da inda ake ajiye karyayyun kujeru. Yaran na Hausawa ne da Larabawa da sauran ƙabilun gari, wasu an kawo su daga ƙauyukan gonakin dawa na wajen Doka. Yawancinsu ba da kurumta aka haife su ba. Wani sanƙarau ne ya bar masa, wani zazzaɓi, wani kuma allurar da aka yi masa don a ceci ransa. Ta yi shekaru tana koyar da su da maganar hannu da allo, amma ranta bai kwanta ba. Takan ce mini ba ta san abin da ke cikin kunnen kowane yaro ba. Duk ana ce musu kurame, alhali ta lura wata yarinya tana zabura idan aka rufe ƙofa da ƙarfi, wani yaro kuma ko jirgi ya wuce ba ya motsi. Ta yaya za a koyar da su iri ɗaya?

Da aka buɗe wani kwas a Khartum na bayan digiri, don malaman da ke aiki da yara kurame su koyi ilimin ji da yadda ake auna shi, sai ta nema. Tana da aure da 'ya'ya uku a lokacin. Mijinta, Malam Yusufu mai shagon kayan keke, bai hana ta ba. Innarmu ta karɓi yaran. Shekara biyu ta yi, tana zuwa hutu a rame, da littattafan da ke cike da zanen cikin kunne. Ta dawo da wata na'ura kamar ƙaramin akwati, wadda wani malaminsu da zai bar ƙasar ya ba ta. Ana sa wa yaro abin sauraro a kunne, tana murɗa wasu maɓallai, idan ya ji ƙara sai ya ɗaga hannu.

Abin da ta gano ya canza ajin. Mafi yawan yaran suna da sauran ji, ko da ɗan kaɗan ne. Ta sake musu wurin zama, kowa da kunnensa mai dama-dama yana fuskantarta. Ta riƙa nemo musu samma'a, wato ƙaramar na'urar ƙara ji da ake maƙalawa a kunne, tana koya wa iyaye mata yadda za su kare ta daga danshin damina. Wanda ta fi alfahari da shi wani yaro ne daga Mafaza mai suna Idirisu. Kunnensa na dama ya mutu sarai, na hagu yana ɗan ji. Ta zauna da shi shekara da shekaru, tana ɗora yatsunsa a maƙogwaronta don ya ji yadda murya ke motsi, har ya iya magana. Maganar ba ta fita fes, amma ana ganewa. Da ya girma ya sami aiki wajen wani mai gyaran rediyo a kasuwa. Na taɓa ganin Yaya ta tsaya daga nesa tana kallonsa yana ciniki, ba ta ƙarasa ba, ta dai tsaya.

Masu ƙananan shekaru ba za su san yadda shekarun nan suka kasance ba. Ana yaƙi a kudu, ana bukatar samari. Akan tsayar da mota a hanya, a sauke duk wanda gemu ya fara tsiro masa, a wuce da shi sansanin horon soja. A kasuwa ma haka. Sai labari ya bazu cewa ana sakin kurame. Daga nan samari da yawa suka zama kurame da zarar an kama su.

Wata rana da hantsi mutum biyu suka zo makarantar. Ba su sa kaki ba. Sun yi sallama cikin ladabi, sun sha shayin da aka kawo musu, sun yaba aikinta. Sannan babban cikinsu ya ce sun ji tana da na'urar da ke bambanta kurma na gaskiya da na ƙarya. Gaskiya ne, an koya wa su Yaya hakan a kwas ɗin, akwai dabarun da ake kama mai ƙaryar kurumta da su. Ta ce musu na'urarta ta yara ce. Mutumin ya yi murmushi, ya tambayi lafiyar Malam Yusufu da shagonsa, ya tambayi labarina da na makarantar da nake koyarwa, ya ambaci sunana. Daga ƙarshe ya ce, “Babban ɗanki Abubakar bana zai gama sakandare, ko ba haka ba, Ustaza? Masha Allah, yaro ya girma.”

Da yamma ta zo gidana ta gaya mini. Ba ta nemi shawara ba. Ta ce za ta je sansanin ta auna musu samarin, saboda idan ba ta je ba, za su kawo wanda zai tsaya a bayan yaro ya harba bindiga ya ga ko zai zabura.

Ta je sau da yawa. Abin da ta yi a can daga bakinta na ji, kuma ba a zama ɗaya ba. An ba ta wani ɗakin kwano kusa da injin wuta. Ta gaya wa jami'in da ke kula da wurin cewa ba a auna ji cikin irin wannan ƙara, duk abin da na'urar ta nuna ba abin dogaro ba ne. Wannan ma gaskiya ne, kuma a kansa ta tsaya. Ba ta taɓa cewa wani yaro ƙarya yake yi ba, ko da ta gane. Waɗanda kurumtarsu ta fito fili kuwa ta yi ta magana a kansu har aka saki wasu.

Sai ranar da aka shigo mata da Idirisu. An kama shi a tasha yana shirin zuwa ganin mahaifiyarsa. Da ya gan ta sai ya yi abin da ta koya masa tun yana ƙarami, ya dubi fuskarta ya gaishe ta da baki. Jami'in yana tsaye. Ta yi masa bayani iya iyawarta. Ta ce yaron laɓɓa yake karantawa, in aka cire masa samma'a ko aka yi masa magana ta baya ba zai ji komai ba, ba zai ji umarni ba, ba zai san daga ina harsashi ke zuwa ba. Jami'in ya ce, “Ustaza, tambaya ɗaya na yi miki. Yana ji ko ba ya ji?”

Ta ce, “Ba a amsa ta da kalma ɗaya.”

Ya ce, “To, ai ya amsa da kansa. Na ji ya gaishe ki.”

Ba a saki Idirisu ba. Bayan wata biyu aka kwashe su zuwa kudu. Ba a kawo gawarsa ba, ba a zo an ce ya mutu ba. Mahaifiyarsa ta zo daga Mafaza, ta zauna a tsakar gidan Yaya tun safe har la'asar. Ba ta zage ta ba. Da za ta tashi ta ce da an bar mata shi bebe a ƙauye yana kiwo, da yanzu yana gabanta.

Maganar nan ta zagaya. Iyaye suka fara cire 'ya'yansu maza daga ajin. Wasu suka ɓoye samma'ar a ƙasan akwati. Na san wata mata da ke dukan ɗanta idan ya yi magana da baki a waje. Yaya ta bi su gida gida tana roƙo, wasu suka dawo, da yawa ba su dawo ba. Jami'an nan sun daina kiranta sansani da suka ga ba ta da amfani gare su, amma har ta rasu, duk ranar da baƙon namiji ya yi sallama a ƙofar makarantar sai ta miƙe tsaye kafin ta san ko wane ne. Abubakar kuwa mun tura shi wajen dangi can nesa, bai dawo ba sai da ya zo zaman makokinta. Ciwon ƙoda ne ya ɗauke ta. Ta koyar har makon da ta kwanta.

Na taɓa tambayarta, tana jinya, ko ta yi nadamar zuwa karatun. Ta gyara kwanciyarta. Sannan ta ce, “Usmanu, ban yi nadamar koya wa Idirisu magana ba. Abin da ban sani ba shi ne wa zai saurara.”

Yau idan ka shiga kasuwar Gadarif za ka tarar da wasu manya, maza da mata, masu furfura a gefen kai, suna ciniki da wata irin murya mai ɗan nauyi, idonsu a kan bakinka. Yawancinsu 'yan ajinta ne. Sun yi aure, suna kai 'ya'yansu asibiti su yi wa likita bayani da kansu. Wannan ya rage daga gare ta, kuma ba ƙarami ba ne. Abin da bai rage ba shi ne magaji. Bayan ta babu malamin da ya sake zuwa wannan karatu daga garinmu, har na'urar ta lalace a hannun waɗanda ba su san yadda ake gyara ta ba.

Sai kwanan baya wata matashiyar malama mai suna Nafisa ta neme ni. Tana koyar da yaran 'yan gudun hijira a ƙarƙashin wata rumfa, kuma ta ware waɗanda ƙarar bama-bamai ta taɓa musu kunne. Ta sami gurbin irin karatun da Yaya ta yi, a wata ƙasa maƙwabciya. An ce mata ni ƙanin Ustaza Maryam ne, shi ne ta zo ta ji ko ya dace ta tafi. Na ba ta labarin nan duka, ban rage ba. Ta saurara, ta yi godiya, ta ce za ta tafi, kuma na sa mata albarka, domin na san abin da Yaya za ta yi ke nan.

Kafin ta tafi ta kai ni na ga yaran nata. Yawancinsu maza ne, 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha uku, suna zaune a tabarma suna bin bakinta da ido. Karatun shekara biyu ne, ko uku idan hanya ta yi wuya. Lokacin da za ta dawo da ilimin da zai koya musu magana, za su kai tsayin da ake sauke yaro daga mota. Allah Ya jiƙan Yaya Mairo, Ya sa kafin nan ƙasar ta daina neman samari.